Babi na Shida: Inabin Ƙasar Sanyi

Wanda ya tashi daga birnin Dijon a gabashin Faransa ya nufi kudu, zai ga wani dogon gangare a hannunsa na dama yana biye da hanya har kusan kilomita 60. Ba wani tsauni ne na a zo a gani ba. Samansa daji ne, ƙasansa fili, tsakiyarsa kuwa layuka ne na kurangar inabi, gajeru, da ƙyar suke wuce ƙugun mutum. A wurare da dama faɗin gonakin bai kai kilomita guda ba. Wannan siririn tsiri shi ake kira Côte d'Or, zuciyar yankin Burgundi, kuma daga nan jar giyar inabi mafi tsada a duniya ke fitowa. A watan Oktoba na 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a New York, an sayar da kwalba guda ta gonar Romanée-Conti, ta shekarar 1945, a kan dala 558,000. Gonar duka-duka ba ta kai hekta biyu ba.

Na san yawancin masu karanta littafin nan ba sa shan giya, addini ya hana, kuma babin nan ba tallarta ya zo yi ba. Ko a wajen likitoci maganar ta fito fili: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da jiki. Sai dai littafin da ke bin yadda ƙasa da yanayi ke shiga cikin ɗanɗanon amfanin gona ba zai iya tsallake Burgundi ba. Da wuya a sami inda mutane suka daɗe suna bin diddigin wannan al'amari kamar nan, gona bayan gona, shekara bayan shekara, suna kuma rubutawa.

Kusan iri ɗaya ne na inabi ake yin jar giyar gangaren nan da shi, sunansa Pinot Noir, kuma manoma sun san shi da wuyar sha'ani. Ɓawonsa siriri ne, 'ya'yansa ƙanana, a cunkushe jikin juna. In ruwan sama ya yi yawa gab da girbi iska ba ta ratsa su, sai ruɓa ta kama ɗaya ta bi sauran. Yana saurin tofo, tun sanyin dare na watan Afrilu bai gama tafiya ba, kuma dare guda na daskarewa ya isa ya ƙone tofon shekara. In rana ta yi masa yawa ya yanƙwane. In ƙanƙara ta sauka a watan Yuli, wahalar wata huɗu ta tafi cikin minti goma. To me ya sa aka nace masa, a wurin da inabi ke nuna da ƙyar?

Amsar tana cikin abin da ke faruwa da ɗan inabi sa'ad da yake nuna. Sukari na hawa, tsami na sauka, ƙamshi kuma na haɗuwa a hankali cikin ɓawo. Waɗannan ukun ba tafiyarsu ɗaya ba. Zafi na gaggauta sukari, yana kuma sa inabin ya cinye wani kaso na tsaminsa, wanda masana ke kira asid na malik, musamman in dare ma bai huce ba. Shi ya sa a ƙasa mai zafi inabi kan cika da zaƙi tun ƙamshinsa bai kammala ba, kuma da yake sukarin ne ke komawa barasa, giyar kan fito da nauyi, barasarta har kashi 15 cikin ɗari, ƙamshinta na dafaffen 'ya'yan itace. A ƙasar sanyi komai na tafiya sannu. Tsofaffin manoman Burgundi kan lissafa kwana ɗari daga fitar fure zuwa girbi. A cikin wannan jinkiri ƙamshi ke samun sararin haɗuwa, tsami bai gudu ba, sukari bai wuce kima ba, barasar ta tsaya wajen kashi 13. Kasadar ita ce shekarar da rana ta yi rowa, inabi ya ƙi nuna, giyar ta fito da tsami zalla da warin ɗanyen ganye. A irin wannan shekara doka ta yarda a ƙara ɗan sukari kafin a tsima, dabarar da ake jingina wa wani masani mai suna Chaptal tun 1801. Dalili ke nan da mai saye ke fara duba shekarar da ke jikin kwalba kafin ya tambayi farashi.

Gangaren kansa yana da nasa aikin. Yana fuskantar gabas, don haka ranar safe ce ke fara dukansa, ta busar da raɓa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangara ta kwanta a fili, ruwan sama ma haka. A can ƙasa turɓaya ta yi kauri, kuranga ta ƙoshi, ta yi 'ya'ya da yawa marasa armashi. A can sama ƙasar ta yi ƙaranci, sanyi ya yi yawa. Tsakiyar gangaren, inda 'yar ƙasa kaɗan ke kwance kan dutsen farar ƙasa, nan ne gonakin da ake ji da su.

Ba jiya aka gane haka ba. 'Yan zuhudun Kirista na gidan Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, sun sami kyautar filaye a gangaren, suna da ilimin rubutu, suna da lokaci, kuma gidansu ba ya mutuwa da mutuwar mutum ɗaya. Su suka kewaye gonar Clos de Vougeot da katanga a ƙarni na 14, mai faɗin kusan hekta 50, katangar na nan har yau. A 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tuge inabin Gamay, wanda ke ba da yabanya mai yawa amma a ganinsa yana zubar wa giyar ƙasarsa mutunci. Bayan juyin juya halin 1789 gwamnati ta ƙwace filayen coci ta yi gwanjonsu, sannan dokar gado ta zamanin Napoleon ta 1804 ta wajabta raba dukiya daidai tsakanin 'ya'ya. Aka yi ta raba gonaki har wasu suka koma 'yan layuka. Clos de Vougeot da ta kasance gona ɗaya, yau masu ita sun kai wajen 80, kowa da nasa hannun, kowa da kwalbarsa, duk da suna ɗaya. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin gangaren cikin kayan tarihi na duniya, filaye 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa. Masu darajar ƙoli, waɗanda ake kira Grand Cru, 33 ne kacal a duk Burgundi, kuma abin da suke bayarwa bai kai kashi 2 cikin ɗari na giyar yankin ba.

Aikin da ake yi bayan girbi ba shi da tsawon bayani. Ruwan inabin nan fari ne. Launi da bauri duk a ɓawo da ƙwallo suke. Don haka ake barin ruwan da ɓawon su jiƙu tare mako biyu zuwa uku, yisti na mayar da sukari barasa. Daga nan a tace, a ɗura a gangunan katakon oak masu cin lita 228, a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi. A cikin gangar wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da tsamin nan mai kaifi zuwa irin tsamin madara, mai laushi.

A wannan ɗaki ne ake gane gwanin ɗanɗano. Ana sauka ta matattakalar dutse, sanyi ya tari mutum, bango duk gansakuka, ganguna a jere. Mai gida ya cire toshiyar ganga, ya zura dogon bututun gilashi, ya toshe samansa da babban yatsa, ya ɗago, ya saki kaɗan a kofin baƙo. Kofin mai faffaɗan ciki ne da tsukakken baki, kuma a ƙafa ake riƙe shi don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki. Baƙon ya karkata kofin a kan farar takarda. Giyar Pinot ba ta da duhu: ja ce garau, har ana iya karanta rubutu ta cikinta. Wanda bai saba ba yakan ɗauka rashin duhun rashin ƙarfi ne, alhali siririn ɓawo ne kawai bai da launi da yawa da zai bayar. Abin da gwani ke dubawa shi ne bakin da'irar, inda giyar ta yi siriri a jikin gilashi. In sabuwa ce wurin na ɗaukar shuɗi-shuɗi, in ta shekara goma ko ashirin ya koma launin jan bulo. Kafin zuwan lantarki, da wani ɗan faranti na azurfa mai ƙulli-ƙulli a ciki ake wannan dubawa, don ya mayar da hasken kyandir. Wata ƙungiyar masu tallata giyar yankin da aka kafa a 1934 da sunan farantin nan, tastevin, take amsawa, kuma a tsohon ginin 'yan zuhudu na Clos de Vougeot take taronta.

Sai hanci, wanda shi ne uban tafiyar. Shaƙar farko ana yin ta ne kofi na tsaye cik, don neman aibu: warin jiƙaƙƙen kwali, alamar toshiyar kwalba ta gurɓata giyar, ko warin ruwan tsami, alamar iska ta shige ta. In babu, sai a juya kofin giyar ta zagaye bangonsa, a sake shaƙa. Sabuwar Pinot ta ƙasar sanyi na ba da ƙamshin jajayen 'ya'yan itatuwan Turai, ceri da sitiroberi da danginsu, ɗanyu ba dafaffu ba, wani lokaci da ƙamshin furen wardi a bayansu. Wadda ta kwana biyu kuwa 'ya'yan itacen sun ja baya, an koma jin jiƙaƙƙen ganye a gindin itatuwa, da naman kaza, da fatar da aka jeme. Kada mai karatu ya zaci ana zuba waɗannan abubuwa ne a ganga. Inabi ne zalla. Wasu sinadaran ƙamshin da ke cikin fure ko 'ya'yan itace su ne ke samuwa a giyar, hanci kuma da abin da ya sani yake kwatanta abin da bai sani ba. Harshe abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da daɗin romo. Hancin ɗan Adam kuwa yana da kusan nau'i 400 na masu karɓar ƙamshi, binciken da ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba shi da daɗi.

Wannan ne ya sa za ka ji gwani, bayan ya kurɓa, yana zuƙar iska ta tsakanin leɓɓansa da wata ƙara da ba ta dace da teburin manya ba. Yana tayar da ƙamshin ne ya hau. Ya kurkura bakinsa da giyar, sannan ya tofar a bokiti. Masu wannan sana'a ba sa haɗiyewa, don mai ɗanɗana samfuri hamsin kafin azahar in ya haɗiye ba zai kai na goma da hankalinsa ba. Abu uku yake aunawa a baki. Na farko tsami, wanda ake gane shi da yadda yawu ke tsattsafowa a gefen harshe. Na biyu bauri. Duk wanda ya taɓa tauna goro ya san yadda baki ke ɗaurewa, dasashi ya bushe. Sinadarin tanin ne ke kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi, kuma shi ɗin ne a ɓawon inabi da ƙwallonsa. A Pinot mai kyau baurin na nan, amma mai laushi, ba ya kartar baki. Na uku zafin barasa, wanda in an ji shi yana ƙuna a maƙogwaro to ya yi yawa. Ana son ukun su zauna ba wanda ya danne wani. Bayan an tofar, sai a yi shiru a ƙirga daƙiƙoƙin da ƙamshin zai yi kafin ya ɓace. Ta yau da kullum kafin ka ƙirga biyar ta tafi. Ta babbar gona takan daɗe, tana ma sauya kama, abin da aka ji a farko ba shi ake ji a ƙarshe ba. Ko zafin giyar ma da ƙa'idarsa, wajen digiri 14 zuwa 16. In ta ɗumama barasa ta rufe komai, in ta yi sanyi da yawa ƙamshin ya ƙi tashi.

Shin duk wannan gaskiya ne, ko dai burga ce ta masu kuɗi? A ganina akwai duka biyun, kuma ya kamata a raba su. A 2001 wasu masu bincike a Jami'ar Bordeaux, ciki har da Frédéric Brochet, sun rina farar giya da jan launi mara ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giya. Ɗaliban suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ido ya riga hanci yanke hukunci. A 2008 kuma masu bincike na Caltech da Stanford a Amurka suka ba mutane giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 90 ce, sau ɗaya ta dala 10, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ba a baki kawai suka ce mai tsadar ta fi daɗi ba, sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗi ma ya fi motsawa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan rauni shi ne Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya da ke zaune a Kalifoniya a lokacin, wanda ya yi shekaru yana haɗa giya a gidansa, ya ɗura a tsofaffin kwalabe, ya manna musu takardun manyan gonakin Burgundi, ya sayar wa attajirai a kan miliyoyin daloli. Sun sha, sun yaba. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008, da aka kai wasu kwalabe gwanjo a New York da sunan gidan Ponsot, na gonar Clos Saint-Denis, masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso takanas daga Faransa ya hana cinikin, don gidansu bai fara yin giyar wannan gona ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa shekara goma a 2014. Abin lura shi ne littafin ajiyar gida ne ya kama shi, harsunan masana ba su kama shi ba.

Duk da haka ban yarda a ce sana'ar ƙarya ce ba. Tsami da bauri da barasa abubuwa ne da ake aunawa a ɗakin gwaji, kuma gwanin da aka ɓoye wa kwalba yakan raba giyar ƙasar sanyi da ta ƙasar zafi, sabuwa da tsohuwa, lafiyayya da mai aibu. Inda nake ɗaga gira shi ne in aka ce harshe na iya tabbatar da cewa wannan gona ta ninka maƙwabciyarta sau hamsin a daraja. A nan ƙaranci ne ke magana. Romanée-Conti kwalba dubu biyar zuwa dubu shida take bayarwa a shekara, masu nema kuwa sun cika duniya. Ta 1945 ɗin nan kwalba 600 kawai aka samu, kuma tana da wani tarihi a bayanta. Tun wajen 1863 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Faransa daga Amurka ya yi wa gonakin inabin Turai kaca-kaca, har aka gano maganinsa shi ne a yi wa kurangar Turai aure da saiwar ta Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa. Romanée-Conti ta jure da tsofaffin kurangunta marasa aure har girbin 1945, sannan aka tuge su, ba a sake samun giyar gonar ba sai 1952. Wanda ya biya dala 558,000 wannan labari ya saya.

Burgundi ba ita kaɗai ke da sanyi ba, kuma wasu sun bi sawunta. A 1965 wani matashi, David Lett, ya dasa Pinot a kwarin Willamette na jihar Oregon, inda aka ce masa ruwa da sanyi ba za su bar inabi ya nuna ba. A 1979 giyarsa ta 1975 ta shiga sahun gaba a wata gasa a Paris. Robert Drouhin, babban ɗan kasuwar giya na garin Beaune, bai gamsu ba, ya sake shirya gasar a 1980, giyar Lett ta zo ta biyu. A 1987 Drouhin ya je Oregon ya sayi gona. Jamus ma na noma wannan inabi da yawa, haka yankin Central Otago a kudancin New Zealand.

Abin da ke hana manoman Burgundi barci yanzu ba gasa ba ce, sanyin ne ke guduwa. Garin Beaune na da rubutaccen tarihin ranakun fara girbi tun daga 1354, kuma a 2019 masana suka wallafa nazarinsa. Daga 1354 zuwa 1987, a matsakaici, ana fara girbi ne wajen 28 ga Satumba. Daga 1988 zuwa 2018 ya dawo 15 ga Satumba, kwana 13 ke nan aka matso. A 2003, shekarar da zafi ya hallaka dubban mutane a Faransa, tsakiyar Agusta aka shiga gona da almakashi, a 2020 ma cikin Agusta aka fara. Wani abin takaicin shi ne ɗumin bai kawar da haɗarin daskarewa ba, ƙara shi ya yi. A 2021 ƙarshen Maris ya yi ɗumi, kurangu suka yi tofo da wuri, sai ga sanyi mai tsanani a makon farko na Afrilu. Manoma suka kwana a gona suna kunna dubban manyan kyandirori tsakanin layuka, duk da haka girbin shekarar ya zo cikin mafi ƙaranci da aka gani a 'yan shekarun nan.

Manoman na ta dabara: wasu na jinkirta datse rassa don tofo ya makara, wasu na barin ganye ya yi wa 'ya'ya inuwa, wasu na neman dangin Pinot masu jinkirin nuna. Gonakin da ke can bayan gangaren, a tuddan Hautes-Côtes, waɗanda a da ake raina su don sanyinsu ya yi yawa inabi ba ya nuna sosai, yanzu manyan gidajen giya na sayensu.